KICIN ƊIN UWARGIDA: Burodin Dankalin Turawa Irin Na Mutanen Amish

   

A wannan wata za mu taɓo abin da kusan kowane gida ke taɓawa da safe, wato burodi. Kowace uwa ta san yadda safiyar ranar makaranta take. Ga wankan yara, ga neman safa ɗaya da ta ɓata, ga mai Keke Napep yana ta danna oda a ƙofar gida. A irin wannan lokaci shayi da burodi ne ke fitar da uwargida kunya. To amma burodin kasuwa kullum kuɗinsa ƙaruwa yake yi, girmansa kuma raguwa, wani ma idan kika matsa shi a hannu sai ya koma kamar auduga, yaro ya ci rabin leda kafin ƙarfe goma ya fara hamma. Matan da suka ce bari su gasa nasu a gida kuma kukansu ɗaya ne: ranar farko ga laushi ga ƙamshi, washegari ya yi tauri sai an tsoma a shayi kafin ya tauno.

Maganin wannan tauri yana nan cikin kwandon cefanenki, shi ne dankalin Turawa. Akwai wasu mutane a Amurka da ake kira Amish waɗanda matansu suka yi suna wajen burodin da ake cuɗawa da dafaffen dankali, burodin da kan kwana uku ko huɗu da laushinsa. Shi za mu koya yau.

SU WANE NE AMISH?

Amish wata ɗariƙa ce ta Kiristoci da ta samo asali a ƙasar Suwizalan da yankin Alsas, wanda yanzu yake cikin Faransa. Sunan ya fito ne daga wani shugabansu mai suna Jakob Ammann, wanda ya ɓalle da mabiyansa daga cikin 'yan uwansu a shekarar 1693 saboda saɓani a kan tsananin bin dokokin ɗariƙa. Tsangwamar da suka sha a Turai ta sa suka fara ƙaura zuwa Fensilbeniya ta Amurka a ƙarni na 18, inda wani ayari nasu ya sauka a Filadelfiya a 1737. Yau babu sauran jama'arsu a Turai. Mafi yawansu suna jihohin Fensilbeniya da Ohayo da Indiyana, wasu kuma a Kanada, kuma yankin Lankasta na Fensilbeniya shi ne matsuguninsu da ya fi shahara.

A wajen 1900 ba su wuce mutum 5,000 ba, amma ƙiyasin 2024 ya nuna sun kai kimanin 400,000, domin mutane ne masu yawan haihuwa, gida mai 'ya'ya shida ko bakwai ba abin mamaki ba ne a wurinsu. A gida suna magana da wani karin harshen Jamusanci. Ba sa mallakar mota, keken doki suke hawa. Ba sa jawo wutar layi cikin gidajensu, da gangan. Su sun ƙi ta, mu kuwa mun jawo ta amma sai ta ga dama take zuwa, saboda haka a kicin kusan jirgi ɗaya ya kwaso mu. Da itace ko kananzir ko gas suke girki, da hannu kuma mafi yawansu ke cuɗa fulawa.

Idan kika haɗa waɗannan abubuwa, za ki gane dalilin da ya sa wannan burodi ya zauna daram a gidajensu. Ga bakuna da yawa, ga maza masu aikin ƙarfi a gona ko wurin kafinta, uwargida kuma ba za ta iya kunna wuta ta gasa burodi kowace safiya ba. Dole ta yi mai yawa a lokaci ɗaya, wanda zai jira ta kwanaki bai lalace ba. Ban da haka, ba su da ɗakin ibada na musamman a mafi yawan yankunansu, a gidaje suke taruwa ranar Lahadi, mako biyu sau ɗaya, ana zagayawa gida-gida, bayan an tashi kuma a ci abinci tare, wanda burodi ne ginshiƙinsa, a shafa masa tunkuzar gyaɗa mai zaƙi ko cuku. Wadda zagaye ya zo kanta takan ciyar da mutum sama da ɗari, 'yan uwa da maƙwabta su taya ta gashi.

Sai dai kada mu ba su abin da ba nasu ba. Ba su ne suka ƙirƙiro saka dankali a burodi ba. Shi kansa dankalin asalinsa daga tsaunukan Peru ne a Kudancin Amurka. Turawa sun daɗe suna cusa shi a fulawa idan alkama ta yi ƙaranci, har a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914, gwamnatin Jamus ta sa a riƙa haɗa garin dankali a burodi don alkama ta kai. Abin da aka fara don talauci shi ne daga baya aka gane yana gyara burodin. Matan Amish suka ƙara masa ƙwai da mai da ɗan suga, ya zama abin marmari.

ME DANKALI KE YI A CIKIN BURODI?

Yana da kyau uwargida ta san dalilin abin da take yi, domin wadda ta san dalili ita ke iya gyara idan girki ya so ya ɓaci.

Abin da ke sa burodi tauri bayan kwana ɗaya ya wuce bushewa kaɗai. Sitacin da ke cikin fulawa yakan sha ruwa ya kumbura ya yi laushi a lokacin gashi. Da burodin ya huce, sai sitacin nan ya fara komawa yana ɗaurewa a hankali, yana sakin ruwan da ya sha. Irin abin da ke faruwa da tuwon shinkafa ke nan idan ya kwana. Shi kuwa sitacin dankali ya fi na alkama riƙe ruwa, kuma an riga an dafa shi kafin ya shiga kwaɓin, saboda haka yakan riƙe danshi a cikin burodin ya jinkirta wannan ɗaurewa. Man da ƙwan da sugan da ake sakawa su ma suna taimakawa.

Na biyu, yis yana son dankali. Ruwan da aka dafa dankali a ciki yana ɗauke da sitaci da sinadaran da yis ke ci, shi ya sa kwaɓin kan tashi da wuri fiye da wanda aka yi da ruwa zalla. Don haka kada ki zubar da ruwan dahuwar.

Na uku, dankali ba shi da danƙon nan da ke cikin fulawar alkama, wanda shi ne ke riƙe iskar da yis ke fitarwa har burodi ya tashi. Ma'ana idan dankalin ya yi yawa, burodin zai yi nauyi ya zauna kamar alala. Awon da ya dace shi ne dafaffen dankali ya zama kamar kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin fulawa.

KAYAN HAƊI

Wannan awo zai ba ki burodi manya guda 2, ko ƙanana na curi guda 24. Kofin da nake nufi shi ne mai cin mililita 240. Idan da ƙaramin gwangwanin madarar ruwa kike awo, gwangwani ɗaya da rabi ne ke cika kofi ɗaya.

Fulawa, kofi 6 da rabi, wato gram 800
Dankalin Turawa matsakaita guda 3, kimanin gram 250 kafin a fere
Ruwan dahuwar dankali, kofi 1 da kwata
Suga, rabin kofi
Bota, rabin kofi
Ƙwai guda 2
Yis, babban cokali 1
Gishiri, ƙaramin cokali 2 da rabi
Madarar gari, babban cokali 3, ga mai buƙata
Ruwan khal fari, babban cokali 1, musamman a lokacin zafi da damina

KAFIN KI FARA

Maganar mai. A tsofaffin girke-girken mutanen Fensilbeniya, kitsen alade suke sakawa a burodi da kayan gashi da yawa, wasunsu har yanzu. Mu dai ba ruwanmu da shi, bota ko man gyaɗa sun wadatar kuma burodin ba ya rasa komai. Idan man gyaɗa za ki saka, ki rage shi kaɗan bai kai rabin kofi ba. Man shanu ma yana yi, amma ƙamshinsa yana da ƙarfi, gara ki haɗa shi rabi da rabi da bota. Na kawo wannan magana ne saboda 'yan uwanmu da ke zaune a Amurka ko masu zuwa ziyara. Idan kun shiga kasuwannin Amish, ku tambayi irin man da aka yi amfani da shi kafin ku saya.

Maganar dankali. Mafi yawan dankalin Turawan da ke kasuwanninmu daga Filato yake zuwa, wuraren Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, kuma yakan yi sauƙi idan sabo ya shigo a tsakiyar damina. Ki zaɓi mai tauri marar yamutsewa. Duk wanda bayansa ya yi kore ko ya fitar da tsiro, ki yanke wurin da zurfi ki yar, idan koren ya yi yawa ko kika ji yana ɗaci, ki yar da shi gaba ɗaya. Koren nan alama ce ta wata guba da dankali ke tarawa idan haske ya buge shi, kuma dafawa ba ta kashe ta. Ga wadda take da dankalin Hausa a gida, shi ma yana yi, sai dai ki rage suga domin da zaƙinsa ya zo.

Maganar yis. Yis abu ne mai rai, zafi mai yawa na kashe shi, daɗewa a buɗe ma na kashe shi. Kafin ki ɓarnatar da fulawa da ƙwai, ki gwada shi. Ki zuba shi a ɗan ruwan ɗumi da ƙaramin cokalin suga, ki bar shi minti 10. Idan ya yi kumfa ya taso, yana da rai. Idan ya kwanta shiru, ki aika a sayo sabo.

YADDA AKE YI

Da farko ki fere dankalinki, ki wanke shi tas, ki yayyanka, ki zuba ruwa ya rufe shi ki dafa ba gishiri, har sai cokali ya shige shi ba gardama, kamar minti 15 zuwa 20. Ki tace, ki auni kofi 1 da kwata na ruwan ki ajiye gefe. Idan bai kai ba ki cika da ruwan sha.

Tun yana da zafi ki murƙushe dankalin da bayan ludayi ko cokali mai yatsu har ya yi sumul ba gudaji. Wadda take son ya yi kyau sosai sai ta danna shi ta cikin rariya. Kada ki saka shi a bilenda, domin zai yi yauƙi ya zama kamar danƙo. Ki auni kofi 1 ba tare da kin danna shi sosai ba. Ki jefa bota a ciki ki juya, zafin dankalin zai narkar da ita.

Sai ki jira dankalin da ruwan su huce su koma ɗumi, irin ɗumin ruwan wankan jariri. Ki ɗiga a bayan hannunki, idan kika ji zafi to yis ma zai ji. A nan ne mata da yawa ke yin asara, gaggawa ta sa su zuba yis a ruwa mai zafi, su zauna jiran kwaɓin da ba zai taɓa tashi ba.

Ki ɗibi rabin kofi daga ruwan ɗumin ki jiƙa yis da ɗan suga kamar yadda na faɗa. Idan ya yi kumfa, ki samo roba mai faɗi ki haɗa dankali, da sauran ruwan, da suga, da ƙwai, da madara, da ruwan khal, da yis ɗin, ki juya. Ki zuba kofi 3 na fulawa da gishiri, ki buga da muciya har ya yi kamar kwaɓin fanke. Daga nan ki riƙa ƙara sauran fulawar kaɗan-kaɗan, amma ki rage rabin kofi a gefe don barbaɗawa.

Idan ya haɗe, ki rufe shi ki ba shi hutun minti 15. Wannan ɗan hutu na sa fulawa ta sha ruwa, sai ki ga manne hannun ya ragu da kansa.

Yanzu sai murza. Ki barbaɗa fulawa a kan tebur mai tsabta ko babban faranti, ki juye kwaɓin, ki tura shi gaba da tushen tafin hannunki, ki naɗo shi, ki juya, ki sake turawa, haka har minti 10 zuwa 12. Ki sani kwaɓin dankali yana da ɗan manne hannu ko da ya yi daidai. Kada wannan ya ruɗe ki ki yi ta antaya fulawa, domin duk fulawar da kika ƙara laushin burodinki kike ragewa. Gara ki shafa mai a hannu ki ci gaba. Alamar ya murzu ita ce ki tsinko ɗan kaɗan ki ja shi a hankali da yatsu, ya miƙe ya yi siriri har haske na ratsa shi bai yage ba.

Ki shafa mai a roba, ki saka kwaɓin, ki juya shi man ya taɓa ko'ina, ki rufe da leda ko murfi. Ki bar shi har girmansa ya ninka. A bazara awa ɗaya kan isa, wani lokaci ma bai kai ba. A hunturu yakan kai awa biyu ko fiye, kuma iska na busar da samansa, saboda haka ki rufe shi da kyau ki ajiye kusa da murhu ko cikin ɗaki mai ɗumi. Kada ki dogara da agogo kaɗai. Ki tsoma yatsa a fulawa ki soka a kwaɓin, idan ramin ya tsaya bai rufe ba, ya tashi.

Ki danna shi iskar ta fita, ki raba biyu. Kowane rabi ki baje shi da hannu ya yi tsawo, faɗinsa ya yi daidai da tsawon gwangwanin gashinki, sannan ki naɗe shi tamau kamar tabarma, ki matse bakin da yatsu. Ki shafa bota a gwangwani, mai tsawon santimita 23 da faɗin 13 ko makamancinsa, ki kwantar da naɗin bakin yana ƙasa. Idan ƙanana kike so, ki raba 24, ki mulmula kowanne, ki jera a faranti da ɗan tazara.

Ki sake rufewa ya tashi karo na biyu, minti 45 zuwa awa ɗaya, har ya ɗago sama da bakin gwangwani da kamar faɗin yatsa biyu. Tun kafin ya kai nan ki kunna obin ya yi zafi a digiri 180. Manya za su ɗauki minti 35 zuwa 40, ƙanana minti 20 zuwa 25. Saboda suga da dankalin da ke ciki, samansa na saurin yin ja. Idan kika ga ya yi ja a minti 20 ko 25, ki yafa masa takardar alminiyam ya ƙarasa nuna ta ciki. Idan kin fitar, ki cire shi daga gwangwani ki ƙwanƙwasa ƙasansa, wanda ya gasu zai yi ƙara kamar ƙwarya. Ki shafa masa bota a sama tun da zafinsa.

Sai kuma aiki mafi wuya, wato hana yara da babansu yanka shi nan take. Burodi na ƙarasa nuna ne yayin da yake hucewa. Idan aka yanka da zafi, cikinsa zai cakuɗe ya manne wa wuƙa. A ba shi aƙalla awa ɗaya a kan waya ko rariyar ƙarfe, inda iska za ta ratsa ta ƙasansa.

GA WADDA BA TA DA OBIN

Rashin obin ba zai hana ki ba. Ki samo babbar tukunya mai kauri da murfinta, ki zuba wankakken yashi busasshe a ciki kamar kaurin yatsa biyu, ki ɗora a wuta a rufe minti 15. Ki ajiye ɗan ƙarfe ko gwangwanaye fanko a kan yashin, ki ɗora kwanon burodin a kai don kada ya taɓa ƙasa. Don ki san zafin ya yi, ki zuba ɗan fulawa a murfin gwangwani ki saka a ciki. Idan ta yi launin ƙasa-ƙasa mai haske cikin minti 5, ya yi daidai. Idan ta ƙone, ki rage wuta.

Wutar ƙasa ta zama matsakaiciya. In da gawayi kike yi, ki ɗebi garwashi ki zuba a kan murfin, shi zai sa saman ya yi ja. Kada ki buɗe a minti 15 na farko. A wannan hanya ƙananan curi sun fi sauƙin nuna fiye da babban burodi, don haka mai koyo ta fara da su. Kuma don Allah a yi gashin gawayi a tsakar gida ko inda iska ke shiga, hayaƙinsa a rufaffen ɗaki na kisa ba tare da an ji warinsa ba.

IDAN AKA SAMU MATSALA

Idan kwaɓin bai tashi ba, ko yis ya mutu, ko ruwan ya yi zafi, ko kuma sanyi ne ya yi yawa bai samu isasshen lokaci ba.

Idan burodin ya yi nauyi ya cushe, ko fulawa ta yi yawa, ko dankali ya wuce awo, ko bai murzu ba.

Idan ya tashi da kyau sannan ya faɗa a cikin wuta, tashi na biyu ne ya zarce. Wannan ya fi faruwa a bazara. Kwaɓin da ya zarce yakan kuma yi tsami.

Idan waje ya ƙone ciki ɗanye, wuta ce ta yi yawa. Ki rage ta ki ƙara lokaci.

YADDA AKE AJIYA

Sai ya huce sarai kafin ki saka shi a leda, in ba haka ba gumi zai taru ya jawo fumfuna. A ɗaki yakan yi kwana 3 zuwa 4 da laushinsa, amma a damina ki riƙa dubawa tun daga kwana na biyu, domin babu maganin hana lalacewa a cikinsa irin na burodin kamfani. Kada ki saka shi a firij, sanyin firij na ƙara saurin taurin burodi. Idan kina da firiza mai riƙe ƙanƙara, ki yayyanka ki ƙulle da kyau ki saka, zai yi makonni.

Akwai wata lalacewa da ya kamata mu da ke ƙasar zafi mu sani. Wani lokaci za ki ga bayan burodi lafiya lau, amma cikinsa ya yi danƙo, yana wari kamar kankanar da ta nuna ta zarce, idan kika raba shi sai ki ga zare-zare na miƙewa. Wata ƙwayar cuta ce ta cikin ƙasa da kan biyo fulawa ko dankali, zafin gashi ba ya kashe irinta, sai ta farfaɗo idan ta samu ɗumi da danshi. Wannan ne dalilin wanke dankali tas da kuma cokalin ruwan khal ɗin da na saka a kayan haɗi, domin ɗan tsami na hana ta yaɗuwa, kuma ba za a ji shi a baki ba. Burodin da ya yi haka a zubar da shi, kada a ba yara, a kuma wanke robar kwaɓi da wuƙa da ruwan zafi da khal.

Wanda ya yi tauri kawai bai lalace ba kuwa, ba a zubar da shi. Ki tsoma a ruwan ƙwai da madara ki soya, ko ki busar ki daka ki ajiye garin don soya kaza ko kifi.

MU YI LISSAFI

Tambayar da kowace uwargida za ta yi ita ce, shin ya fi na kasuwa sauƙi? Amsar ta danganta da kasuwar garinku da kuma lokaci. Burodi ne mai ƙwai da bota, don haka kada ki gwada shi da mafi arhar burodin bakin titi. Ki zauna da biro da takarda, ki rubuta kuɗin fulawa da dankali da ƙwai da bota da suga da yis, ki ƙara na gas ko gawayi, ki raba biyu, sannan ki kwatanta da burodin shago mai kyau mai irin nauyinsa. Kowane ɗaya daga cikin naki zai kai kusan gram 750, kuma yanka biyu na riƙe cikin yaro. Idan kika gasa huɗu a wuta ɗaya maimakon biyu, kuɗin wuta ya ragu a kan kowanne. Dabarar matan Amish ke nan, rana ɗaya ta gashi, kwanaki na ci.

Akwai kuma ribar da ba ta shiga lissafin biro. Hukumar NAFDAC ta daɗe da haramta saka sinadarin buromet a burodi saboda illarsa ga lafiya, kuma takan yi gargaɗi a kai, amma mai saye ba shi da hanyar ganewa da ido. Wanda kika cuɗa da hannunki kin san duk abin da ya shiga cikinsa.

Sai dai kada a ɗauka tun da na gida ne, kowa ya ci iya cinsa. Fulawa ce da dankali da suga. Mai ciwon suga a gidan ya bi awon da likitansa ya ba shi. Za ki iya rage sugan zuwa rabi ba tare da burodin ya ɓaci ba, za ki kuma iya maye kofi 2 na fulawar da garin alkama da aka niƙa da dusarsa, sai dai ki ƙara ruwa kaɗan, kuma ba zai tashi kamar na fulawa zalla ba.

Shawarata ga mai farawa, ki zaɓi ranar da babu makaranta, ki raba awon nan biyu ki gwada da rabi. Ki jawo 'yan matanki, har da samarin, ki ba kowa ɗan curi ya murza nasa. Na farko ba lallai ya yi kyan gani ba, amma zuwa na uku hannunki zai gane laushin da ake nema, daga nan ba kya buƙatar duba takarda. Wadda ta ƙware kuma, ƙananan curin nan abin sayarwa ne a unguwa da wuraren biki da suna.

A nan za mu dakata. Wadda ta gwada ta rubuto mana yadda ta kaya, da duk tambayar da take da ita, za mu amsa a wannan fili in Allah Ya yarda. A ci daɗi lafiya, a gaida maigida da yara. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.